Gas Uku, Wuta Ɗaya: Abin Da Kasuwannin Kano Ke Biya Kafin Ƙwai Ya Kama

Wanda ya shiga Kantin Kwari da hantsi, kafin idonsa ya kai kan atamfa da shadda, kunnensa ne zai fara cin kasuwa. Ko'ina ƙarar inji ce. Wani babba yana gunji a bayan bene, wani ƙarami yana tari a bakin kwata, hayaƙinsa na bin ƙafafun 'yan dako. In ka ɗaga kai sai ka ga wayoyi sun sarƙe daga wannan gida zuwa wancan, an ɗaure wasu da ƙyallen yadi, wasu da leda. A shago guda kana iya ƙirga waya uku da suka shiga: ta Nepa, ta maja, da ta sola da ta sauko daga rufi. Ukun nan kuwa ƙwai biyu da fanka ɗaya suke yi wa hidima.

Maja, ga wanda ba ɗan gari ba, ita ce wutar da wani mutum ke sayarwa daga babban injinsa. Ya sayi inji mai shan man gas, ya sama masa kusurwa, ya ja wayoyi zuwa shagunan layi biyu ko uku. Da safe ya tayar, da yamma ya kashe. Bayan la'asar yaronsa ya ɗauko littafi yana bi shago shago: “Alhaji, barka da kasuwa, kuɗin wuta.” Ƙwai da kuɗinsa, fanka da kuɗinta, mai firji ko dutsen guga kuwa nasa lissafin daban ne. Ba mita, ba takardar yarjejeniya. Amma ranar da injin ya tsaya, mai shago ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya san sunan wanda zai kira, kuma kafin a yi azahar makanike ya iso. Wannan sanin wanda za a kama shi ne ainihin abin da ɗan kasuwa ke saye, wutar ta biyo baya.

Kada wani ya ɗauka zancen jin daɗi ake yi. Yawancin shagunan cikin gidajen Kwari rana ba ta shiga cikinsu, da tsakar rana ma duhu ne. Baƙon da ya taso daga Maradi ko Agadas ko Njamaina ba zai ɗauki dila ba sai ya ga launi da idonsa, ya bambance ruwan ƙasa da ruwan goro. Na'urar cirar kuɗi tana son caji. Telan Fagge da ya karɓi ɗinkin sallah, kekensa na aiki ba ya motsi sai da wuta. Mai ƙanƙara, mai niƙa, mai walda a Ƙofar Ruwa, mai gyaran waya a Farm Centre da titin Beirut, mai sayar da magani wanda dole ya ajiye wasu allurai a sanyi: dukansu, in wuta ta tsaya, jarinsu ne ya tsaya, haya kuma tana tafiya.

A bakin Bahaushe kalmar gas abu uku take ɗauka. Akwai man gas, wato dizal, abincin injin mai maja. Akwai gas ɗin girki na tukunya, wanda mai shayi da mai abincin bakin kasuwa suka koma wa. Akwai kuma iskar gas ta bututu, wadda ɗan kasuwar Kano bai taɓa gani ba, alhali ita ce ke yanke hukuncin ko za a kawo wuta yau ko ba za a kawo ba. Duka ukun daga kudu suke tasowa, kuma duka ukun sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin amfaninsu ya iso Kano.

Waya mai nisa

Galibin wutar da ke kan babban layin ƙasa, kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye, daga tashoshi masu ƙona iskar gas take fitowa, irin su Egbin a Legas, Ughelli da Sapele a Delta, Afam a Ribas, da Geregu a Kogi. Sauran daga madatsun ruwa: Kainji da aka gama a 1968 mai megawat 760, Jebba, Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, sai Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya. An ce an kafa injinan da za su iya ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa hannun kamfanonin rarrabawa a yawancin ranaku tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kashi 8 cikin 100 ne nasa. Ka ɗauka an samu megawat 4,500 a rana mai kyau, rabonsa 360 ke nan. Jihohin nan uku tun a ƙidayar 2006 mutanensu sun kusa miliyan 20. A cikin wannan ɗan rabo ne za a ba masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, a ba asibitoci da matatar ruwa da jami'o'i, a ba Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai, sannan a waiwayi unguwanni. Tuwon bai kai yawan hannuwa ba, ko da mai rabo waliyyi ne.

Ɗan abin ma ta hanya guda yake shigowa. Babbar tashar Kumbotso, wadda ke karɓar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 ta sauke ta ga ƙananan tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata, daga Mando a Kaduna take sha. Mando kuma manyan hanyoyinta biyu ne: wadda ta fito daga Shiroro, da wadda ta zagayo daga Ugwuaji a Enugu ta bi ta Makurɗi da Jos.

Kowa ya ga ma'anar wannan a 2024. An lalata layin Shiroro zuwa Mando, kamfanin dakon wuta na TCN ya bayyana cewa matsalar tsaro a dajin ta hana ma'aikatansa shiga su gyara. Duk nauyin Arewa ya koma kan ɗaya layin. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya faɗi. Kwana da kwanaki, har zuwa ƙarshen watan, Kano da yawancin jihohin Arewa suna cikin duhu. Injinan casar shinkafa suka tsaya. Ƙanƙara ta zama kayan gabas. Kuɗin jarkar ruwa a hannun 'yan garuwa ya tashi saboda rijiyoyin burtsatse ba sa ja. Wuraren cajin waya suka cika maƙil. A kwanakin nan wanda ya riƙe kasuwa shi ne mai maja, shi ma da farashin da man gas ya yanka masa. A shekarar 2024 kaɗai babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau 10.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, birnin da yake cin kasuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, a yau wasu 'yan tsiraru a daji mai nisan ɗaruruwan kilomita suna iya kashe masa fitila da kayar da turaku biyu ko uku.

Lissafin mai shago

An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da ɓangaren samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa a Nuwamba 2013, gwamnati ta riƙe dakon wuta. Suna ya canza sau biyu, yara har gobe Nepa suke yi wa ihu in ƙwai ya kama.

Abin da ya canza da gaske shi ne kuɗi. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari: rukunin A awa 20 ko fiye a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi zuwa sama da naira 200 kaɗan. Layukan masana'antu da manyan wuraren kasuwanci su ne suka fi faɗawa wannan rukuni.

Ihun ya yi yawa, kuma da dalili. Amma a zauna a yi lissafi da natsuwa. Inji mai lafiya, lita ɗaya ta man gas tana ba shi kamar yunit 3 na wuta. A 2024 litar ta haura naira 1,000 nesa ba kusa ba. Ke nan kuɗin mai kaɗai ya wuce naira 330 a kan kowane yunit, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa makanike ba, ba a sa ribar mai inji ba. Ƙaramin janareto mai shan fetur ya fi haka ɓarna, musamman tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Saboda haka naira 200 da 'yan kai, in da awa 20 ɗin za ta zo cif kowace rana, ita ce wuta mafi araha a kasuwa. Matsalar ɗan kasuwa ita ce ba zai iya sallamar mai maja ba, domin bai san ranar da za a ɗauke ba, bai san awa nawa za ta yi ba. Sai ya biya nan, ya biya can, ya kuma ci bashin batir. Wanda ba shi da mita kuwa, kuma kusan rabin masu wuta a ƙasar nan haka suke, takardar ƙiyasi ce za ta zo masa a ƙarshen wata ko ya ga haske ko bai gani ba.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Satar wuta gaskiya ce. Akwai mai zagaye mita, akwai mai rataya waya da dare ya sauke da asuba, akwai ma'aikatun gwamnati da ke kwana da bashin wuta shekara da shekaru. Kamfanin rarrabawa bai tattara kuɗinsa cikakke ba, bai biya na sama da shi cikakke ba, masu tashoshi su ma ba su biya masu iskar gas ba, masu iskar gas suka rage abin da suke turawa. A farkon 2024 an ga wuta ta ragu a duk ƙasa saboda wannan, kuma zuwa 2025 bashin da masu tashoshi ke bi ana maganar naira tiriliyan 4. Igiya ɗaya ce tun daga rijiyar gas a Neja Delta har zuwa ƙwan da ke rataye a shagon Kwari, duk inda ta ruɓe kowa zai ji a jikinsa.

Duk wannan tsada a ƙarshe kan wa take sauka? Kan matar da ta zo sayen turmi ɗaya na fitar biki. Haka kuma tana cikin abin da ya sa masaƙun Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har kasuwar da ake yi wa kirari da babbar kasuwar tufafi ta Afirka ta Yamma ta koma yawancin hajarta daga Sin ake sauke ta. Shigo da kaya ta bayan fage da canjin kuɗi suna da nasu laifin, amma masaƙar da ke ƙona dizal ba ta taɓa yin gogayya da wadda wutarta ba ta ƙiftawa.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a takarda. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya, makonni kaɗan bayan wadda ta tashi a Singa. Ba kowace gobara ce wutar lantarki ke haddasawa ba. Amma duk wanda ya dubi siraran wayoyin da ake ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsu, da galan ɗin fetur da ake ajiyewa kusa da dilar yadi, da abin da ke faruwa in aka dawo da wuta da ƙarfi tsakar dare alhali an manta ba a kashe makunni ba, ya san kasuwa a kan garwashi take kwana.

Bayan wannan gobara ce hukumar REA ta tarayya ta sa Sabon Gari cikin kasuwannin farko na shirinta na bai wa kasuwanni wuta mai zaman kanta, tare da Ariaria ta Aba da Sura ta Legas. Daga 2018 kamfanin Rensource ya fara kafa faranta sola a kan rufin kasuwar mai shaguna fiye da 10,000, da batura, da mita a kowane shago. Darasin da ke ciki babba ne: ɗan kasuwar da ake cewa ba ya son biyan kuɗin wuta, da ya ga wuta tsayayya sai ya biya. Yau sola ta bazu a rufin kasuwanni ba tare da jiran kowa ba, kowa da farantinsa da batirinsa. Ta dace da shago, domin lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin ciniki. Iyakarta ita ce ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi in ba a goge ba, kuɗin farko yana da nauyi, kuma ƙwai da fanka take ɗauka cikin sauƙi, ba injin niƙa ko ɗakin sanyi ba. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023, da megawat 10 na madatsar Tiga, alheri ne, amma a gaban buƙatar Kano kamar a ba mai azumi dabino ɗaya ne.

Bututun da ake jira

Ranar 30 ga Yunin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda ake kira AKK. Tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, kuɗinsa a lokacin kimanin dala biliyan 2.8. An ce shekara biyu za a gama. Wa'adi ya wuce, aka sa wani, shi ma ya wuce. Sai a 2025 kamfanin NNPC ya sanar da cewa an ratsa da shi ta ƙarƙashin Kogin Kwara, wurin da ya fi ba 'yan kwangila wahala. A tsarin aikin akwai tashoshin wuta masu amfani da gas a Abuja da Kaduna da Kano.

In bututun nan ya iso yana ɗauke da gas, karon farko ke nan da za a iya samar da wuta mai yawa a cikin Kano kanta, ba tare da ta ratso dajin Shiroro ba. Masana'antar da ke dafa tukunyar tururi da baƙin mai ko dizal za ta samu makamashi mai sauƙi. A yanzu duk wanda ke son iskar gas a yawancin Arewa sai dai a mayar da ita ruwa ko a matse ta a kawo masa a mota, kamar yadda ake yi wa tashar gaggawa ta Maiduguri mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Gas ɗin girki ma haka: tirela ce ke ɗauko shi daga bakin teku, shi ya sa mai ƙosai a Bata take sayen kilo da tsadar hanya a kansa, kuma duk lokacin da ya tashi sai a koma gawayi, dazuzzuka su biya. Kada dai a ruɗe, gas ɗin tukunya daban ne da na bututu, isowar AKK ba za ta cika wa kowa tukunya kai tsaye ba.

Inda nake jin tsoro shi ne mu ɗauka isowar bututu ita ce isowar wuta. Bututu a bakin gari ba ya kunna ƙwai. Sai an gina tasha, sai an shimfiɗa ƙananan bututu zuwa Sharaɗa da Bompai da Challawa, sai an sabunta taransifoma da wayoyin da suka tsufa, sai an samu mai saye da zai sa hannu cewa zai biya. Tashar Kudenda a Kaduna mai megawat 215, wadda aka fara tun 2009, ta shafe fiye da shekara goma injinanta suna zaune ba sa aiki, kuma batun makamashin da za su sha yana cikin manyan dalilai. Ba ma fatan mu ga kishiyar wannan a Kano: ga gas, babu inji.

Akwai gari ɗan kasuwa irin namu da ya gwada wata hanya. A Aba, kamfanin Geometric na Farfesa Barth Nnaji ya gina tasharsa ta gas, ya ja bututunsa, ya karɓi rarraba wuta a ƙananan hukumomi 9 na jihar Abiya. An buɗe a Fabrairun 2024 bayan kusan shekara 20 ana fama da shari'a da neman kuɗi, kuma ko bayan buɗewa ya sha fama da ƙarancin gas. Ba aljanna ba ce. Amma ya nuna ana iya keɓe yankin kasuwanci a ba shi tasharsa da layinsa da wanda za a kama in an ɗauke. Doka ma yanzu ta buɗe ƙofa: gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da sa ido a kan wuta a cikin iyakarsu, kuma tun 2024 jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka karɓi wannan iko.

Dubi yadda Allah ya tsara tsakiyar Kano. Kwari, Singa, Sabon Gari, Fagge, titin Ibrahim Taiwo, titin Murtala Muhammad da layin bankuna, duk a dunƙule suke, mai ƙafa zai zagaye su kafin azahar. Dubban masu saye ne a wuri guda, da rana suke buƙata, kuma kullum da kuɗi a hannu suke biya. Duk mai sayar da wuta a duniya irin wannan kasuwa yake nema. Abin da ya rage shi ne a tattara. Shugabannin kasuwanni su ƙirga shaguna da nauyin da kowanne ke ja da abin da yake kashewa a wata, domin mai zuba jari lamba yake so, ba kuka ba. A ware wa yankin layinsa, sola ta ɗauki rana, gas ya ɗauki nauyi mai yawa da lokacin hazo, kowane shago da mitarsa, a fitar da fetur daga cikin rumfuna. Masu maja kuma kada a kore su. Su ne suka san kowane lungu da kowane mai shago, su suka riƙe kasuwa lokacin da kowa ya gudu. A ba su horo da lasisi su zama dillalan sabon tsari.

Kiranmu ga gwamnatin jihar Kano da majalisarta, da shugabannin Kwari da Singa da Sabon Gari, da attajiran da suka yi arziki a waɗannan layuka, shi ne su zauna a kan wannan magana tun yanzu, a fitar da filin tasha, a san mai ginawa da mai saye, kafin ranar da za a ce gas ya iso Kano.